Mai Alli da Layin Jinya

Mai Alli ba ya zama. Ko shayi aka miƙa masa, a tsaye yake kurɓa, ƙafa ɗaya cikin ɗaki ɗaya a waje, ido na kan agogon hannu sai ka ce an gaya masa yau za a sace shi. Matarsa ta sha faɗa cewa shekara talatin da aurensu, kujerar falonsu ba ta san nauyinsa ba. Shi kuwa sai ya ce zama na marasa aikin yi ne, ya gyara guntun allin da ke maƙale a bayan kunnensa, ya ƙara gaba.

To a tsayen nan yake ranar wata Litinin, a bakin ƙofar ɗakin mahaifinsu, yana duba wani baƙin allo da ya shafa da fenti a jikin bango, sai ga ƙanwarsa Auta ta fito da bokiti a hannu. Ta ajiye bokitin, ta goge hannu a jikin zaninta, ta ce, "Yaya, ran Asabar zan tafi. Kuma in na tafi ba dawowa zan yi ba. Ku san yadda za ku yi da Baba."

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya tsorata shi ke nan. Auta mafaɗaciya ce tun tana ƙarama, kuma duk gidan an san in tana masifa to da sauran zama. Yau kuwa a hankali ta faɗa, kamar mai ba da saƙon cefane.

Ya ce, "Haba Auta, wace irin magana ce wannan? Bari in sake duba layin."

Ta ce, "Duba." Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Sai an san mutumin kafin a gane dalilin da ya sa, cikin duk abin da wa zai iya ce wa ƙanwarsa a irin wannan lokaci, shi layi ya ambata.

A tashar mota ya samo sunansa. Shekara ashirin da bakwai yana riƙe da layin motoci, da allo kafe a ƙarƙashin rumfa da alli a hannu. Mota ta shigo ya rubuta lambarta, ta yi lodi ta tashi ya goge da babban yatsa. Direbobi kuwa kun san su, abin da bai kai ya kawo ba sai a cire riga. Amma a zamaninsa ba a taɓa fasa kan kowa a tashar nan ba, saboda dokokinsa uku ne kacal kuma ba ya sassauta wa ko uban wa. Mota ba ta tsallake mota. In layinka ya zo ba ka nan, wanda ke nan shi ke lodi, don fasinja ba ya jiran mai uzuri. Ta uku kuma a kansa ya ɗora ta: mai riƙe da alli ba ya sa mota a layi, kada a ce ya fifita kansa.

Ana nan sai aka kawo wata na'ura mai tofo tikiti, aka kira shi ofis aka yi masa godiya, aka ba shi agogon bango, aka ce ya je ya huta. Hutu! Kwana arba'in ya yi a gida, matarsa ta ce ta fi shi jin jiki. Ya jera mata tukwane daga babba zuwa ƙarama, ya rubuta wa tsintsiya ranakun aiki, ya kwance rediyo mai lafiya don ya ga abin da ke damunta. Yana ta shiga yana fita kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai.

Abin da ya ceci matar tasa shi ne rigimar gidan mai burodi, maƙwabcinsu. Uwar mai burodin ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma tun daga nan kullum sai an jiyo 'ya'yanta uku ta katanga. "Ni kaɗai ta haifa?" "Ke da kike zuwa da jaka ki zauna a kujera kamar baƙuwa!" "Kai rufe mana baki, ka taɓa wanke mata ko tsumma?" Wata safiya Mai Alli ya ji ƙarar faranti a bango, ya zura takalmi ya shiga ba wanda ya kira shi.

Bai tambayi wa ke da gaskiya ba. A tasha ya koyi cewa in ka ce wa masu faɗa "me ya faru", to ka sayi zaman yini. Tambaya ɗaya ya yi: "Wa ya kwana da ita jiya?" Aka nuna ta tsakiyar. "Shekaranjiya fa?" Ita ce. "Makon jiya?" Ita ce dai. Ya juya wurin matar ya ce, "Baiwar Allah, yaushe rabon ki da barci har gari ya waye?" Ita da ta cika gida da ihu yanzun nan, sai ta fashe da kuka. Ya ce ba za a ƙara cewa uffan ba sai ta yi barci. Ya sa matarsa ta ja ta zuwa gidansu, aka shimfiɗa mata, ba ta farka ba sai da rana ta karkata. Kafin ta tashi ya samo baƙin fenti ya shafa a bango kusa da ƙofar maras lafiya, ya ja layi bakwai, ya rubuta wa kowa ranarsa. Har da babban wansu da ke wani gari yana aiko da shawara ta waya. Mai Alli ya karɓi wayar ya ce, "Laraba taka ce. In ba ka iya zuwa, nemo wanda zai tsaya maka. Shawara ta waya ba ta juya maras lafiya a gado."

Faɗa bai ƙare ba, amma ya koma na mutane. Daga nan magana ta bazu. Har wata nas a ƙaramin asibitin unguwar ta koma in ta ga dangin majinyaci suna harare-harare a benci sai ta ce, "Ku je ku nemo Mai Alli." Ya ɗaure gwangwanin fenti da buroshi a bayan kekensa, ya shiga gida-gida. Ba ya wa'azi, ba ya cewa a yi haƙuri, don a ganinsa ce wa wanda bai yi barci ba ya yi haƙuri zagi ne. Ya dai nemo wanda jinya ta fi danne wa, ya tura shi barci, ya raba kwanaki, ya riƙa zagayowa kowace safiya yana duba allo. "Mai jinya in bai huta ba, shi ne majinyaci na biyu," in ji shi. Bango goma sha tara ya shafa wa fenti, kuma ba ya karɓar komai sai shayi.

Na gidansu shi ne na farko da ya kamata ya yi kyau, shi ne kuma ya fi kowanne lalacewa.

Baba tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara arba'in a kan hanya, ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa. Shekara huɗu da suka wuce tunaninsa ya fara yoyo. Likita ya ce ƙafafunsa lafiyarsu lau, sai dai ya manta abin da ake yi da su. A ce masa "Baba tashi", sai ya zuba wa mutum ido, ya sandare, dole sai an cicciɓe shi. A lokacin mijin Auta bai daɗe da rasuwa ba, 'yarta guda kuma ta yi aure a wani gari mai nisa. Ta ce bari ta zo ta yi mako biyu kafin a shirya. Makon nan biyu ne har yau.

Su huɗu Baba ya haifa. Akwai Yaya Babba, wadda gwiwoyinta ke ciwo, musamman ranar da layinta ya zo. Sai Mai Alli. Sai ƙanensa ma'aikacin ofis da ake kira Ina-Zuwa, don ko gobara aka kira shi abin da zai ce ke nan. Sai Auta. Mai Alli ya raba musu kwanaki tsaf, ba zalunci. Amma ya shigo da dokar tasha cikin gida: in mai rana bai zo ba, wanda ke nan shi ke lodi. A wasu gidajen dokar ta yi aiki, don wanda ke nan yau ba shi ne gobe ba. A gidansu kuwa wanda ke nan mutum ɗaya ne. Kullum ƙarfe bakwai da kwata zai jingine keke, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "An ba shi magani?" Ya dubi allo, ya ga mai ranar bai zo ba, ya yi tsaki, ya goge sunan da babban yatsa, ya rubuta Auta. Sai ya hau keke ya tafi tambayar matan wasu gidaje yaushe rabon su da barci.

Sunansa kuwa ba ya kan allon. In ka tambaye shi zai ce doka ce, mai alli ba ya sa mota a layi. Gaskiyar maganar daban ce, kuma ko matarsa bai gaya wa ba. Shekara uku baya ya taɓa shiga ɗakin da sallama, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana." Tsohon ya dube shi da fara'a irin ta baƙo ya ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Abin ya soke shi har cikin ƙashi. Tun daga ranar bai sake tsallake dokin ƙofar nan ba. Tsoro yake ji, tsoro tsagwaronsa, ya lulluɓe shi da yawan aiki.

To yanzu ga Asabar tafe, kwana biyar.

Ran Talata ya taka keke gidan Yaya Babba. Ya same ta ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi. Ta ce, "Auta ce fa. Ka manta da ita? Tana 'yar shekara shida ma ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta ce ta bar gidan, aka same ta a bayan ƙyaure. Za ta huce." Ya ce wannan karon daban ne. Ta ce, "To ni me zan yi, da waɗannan gwiwoyin? Wash!"

Ran Laraba ya je ofishin Ina-Zuwa. Aka ce ya jira, ya yi ta auna barandar da ƙafa har masinja ya tambaye shi ko bayan gida yake nema. Da ƙanen ya fito, da waya a kunne, sai ya ce, "Yaya, a ɗauko mai kula mana." Mai Alli ya tuna masa an ɗauko sau biyu, na farko Baba ya cije shi, na biyu ya gudu ya bar takalminsa. Ina-Zuwa ya ce, "To shi ke nan, sa ni ran Asabar. Wallahi ina zuwa."

Ran Alhamis ya baje takardu a kan tebur, yana tsaye a kansu, yana ja yana sokewa. Sau huɗu yana sake layin. Duk yadda ya juya, kwana bakwai sun ƙi shiga cikin suna biyu. Matarsa na tsince shinkafa a gefe tana kallonsa ta wutsiyar ido.

Ta ce, "Baban yara, in tambaye ka mana. Ku nawa Baba ya haifa?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Huɗu."

"Suna nawa ne a bango?"

Ya ɗago a fusace. "Mai alli ba ya sa mota a layi! Kowa ya san wannan."

"Au, ashe tasha ce. Ni na ɗauka gidan ubanku ne." Ta ci gaba da tsintarta. "Lallai wanzami ba ya son jarfa."

Ya tattare takardunsa ya fice, ya yi ta zagaye unguwa da keke ba inda ya nufa, har ya duba allon gidan mai burodi sau biyu a yini ɗaya.

Ran Juma'a ya kai wa Auta sabon tsari a rubuce, da alkawarin Ina-Zuwa a sama an ja masa layi biyu. Tana shanya zanin gado a igiya. Ko takardar ba ta kalla ba. Ta ce, "Jikata ta fara tafiya, Yaya. A waya na gani. Ranar da aka haife ta ma a waya na gani." Ta matse wani zanin, ruwa ya zuba a kan takalminsa. Ya duba agogo, ya ce ana jiransa a wani gida.

Asabar, bakwai da kwata, ya jingine keke. Auta na tsaye a tsakar gida cikin kayan fita da ya manta tana da su, sun yi mata yawa, ga jaka a ƙafarta.

Ya ce da sauri, "Ina-Zuwa na hanya. Ya rantse min."

"Ya zo?"

"Bai iso ba tukuna, amma..."

"To wa ke nan?"

Mai Alli ya waiga hagu, ya waiga dama. Daga shi sai kekensa.

Ta ce, "Dokarka ce, Yaya. Wanda ke nan shi ke lodi. Farar ƙwaya bayan shayi, ja da rana. Kada ruwa ya shiga kunnensa. In ya ƙi buɗe baki, kada ka matsa masa, jira za ka yi." Ta ɗauki jakarta. Ya ce, "Auta! Ke Auta!" Ƙyauren gidan ya rufu a bayanta.

Ya kai minti goma a bakin ƙofar ɗakin, yana cire alli daga kunne yana mayarwa. Daga ciki tsohon ya yi gyaran murya. Mai Alli ya yi ta maza ya ɗaga labule.

Ɗakin ƙarami ne, taku huɗu ka kai bango. Gado ɗaya da leda a ƙarƙashin zani, kujerar roba, kwalaben magani a jere a kan taga, sai wata siririyar katifa a naɗe a ƙasa. Warin fitsari da na sabulu sun gauraye. Baba na kwance, ya rame a fuska amma ƙashin na nan. Ya juyo ya dube shi da fara'ar nan.

"Bawan Allah, wa kake nema?"

Mai Alli ya matso bakin gadon. Ya ce, "Kai nake nema, Baba."

"To madalla," in ji tsohon, ya mai da ido rufi.

Gadon jiƙe yake. Ya ce, "Baba tashi in canza maka." Ya sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa ya ja, tsohon ya sandare kamar gungume. Ya sake ja da ƙarfi, sai ji ya yi tas! a kumatu, marin da rabon shi da irinsa tun yana makarantar firamare. A karo na uku suka tafi ƙasa tare, kofin shayi ya bi su, wani abu ya ce ƙas a gadon bayan Mai Alli. Da kyar da jiɓin goshi ya mai da shi bakin gado ya zare zanin. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ga shi ko ƙarfe tara ba ta yi ba.

Ya ɗauko waya. Yaya Babba ta ce yau gwiwar har ta kumbura. Wayar Ina-Zuwa a kashe. Matarsa ta ce za ta kawo abinci da rana, amma wankan uba sai ɗa.

Wajen neman busasshen zani ne ya warware katifar nan ta ƙasa, sai wata igiya ta faɗo. Bakinta ɗaya an yi masa faffaɗan zarge da tsumma mai laushi, ɗayan kuma ƙaramin zarge ne. Ya jujjuya ta bai gane ba, sai da ya lura da wani sawu a tsintsiyar hannun Baba. Ashe haka take kwana, hannunta ɗaure da na tsohon, don ko ya motsa ta farka. Shi da ya tambayi mata goma sha tara rabon su da barci, bai taɓa tambayar wadda suka sha nono ɗaya ba. Kunya ta rufe shi har ya kasa kallon igiyar, ya tura ta ƙarƙashin matashi.

Wajen azahar waya ta yi ƙara. Wani tsohon direba ne daga tasha, abokin aikinsa na dā. Ya ce, "Mai Alli, lafiya kuwa? Ƙanwarka ce zaune a benci tun safe. Ta yanki tikiti, mota uku sun cika sun tashi a gabanta, ba ta shiga ba. Mun yi mata magana ta ce a ƙyale ta."

Kafin mutumin ya rufe baki Mai Alli ya kai tsakar gida. Tasha minti goma ce a keke, zai je ya roƙe ta ya dawo. Ya kama kan keken ke nan sai ya jiyo tari daga ɗaki, ya saki ya koma a guje. Ba komai, Baba ya ƙware ne da miyau. Ya sake fita, ya kai har ƙyaure, ya ji gado ya yi ƙara, ya dawo. A fita ta uku ko ƙyauren bai kai ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana huci. Mutumin da tun tasowarsa in wuri ya ishe shi sai ya ƙara gaba, yau ga ƙafa ga hanya ga keke, amma ba halin tafiya. Ya shiga zirga-zirga, taku huɗu ya juyo, taku huɗu ya juyo, yana duba agogon da ba shi da abin gaya masa. Kowane lokaci mota ta huɗu na iya cika.

Da la'asar Baba ya sake ɓata jikinsa, wannan karon sai wanka. Mai Alli ya haɗa ruwan ɗumi a banɗaki, ya dawo ya tsaya a kansa. Bayansa na zugi, ya san ko za a yanka shi ba zai iya sake cicciɓar mutumin nan ba. Ya lallaɓa, ya roƙa, ya ce don Allah don Annabi. Tsohon na kallon rufi. Abin ya zo masa iya wuya, bai san lokacin da tsohuwar muryarsa ta tasha ta ƙwace ba, ya buga hannu a jikin ƙyaure ya daka tsawa, "Mota ta cika! Ina direban motar nan ne? A zo a tayar, ana ɓata wa fasinja lokaci!"

Kan Baba ya ɗago. Hannunsa ya tafi aljihu yana laluben makulli. Ya sauko da ƙafa ɗaya, ya sauko da ta biyu, ya dafa gefen gado, ya miƙe tsaye cak, har ya ɗara ɗansa tsawo.

Ya ce, "An duba taya?"

Mai Alli ya ce, "An duba, direba."

"Ruwa fa?"

"An zuba. Ga hanya nan, biyo ni."

Haka suka taka har banɗaki, tsohon na dafe da kafaɗarsa yana mitar yaran zamani ba su iya ɗaure kaya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai Alli ya tuɓe wa mahaifinsa, ya wanke shi tas, yana kare kunnen da tafin hannu, hawaye na zuba cikin bokiti ba mai ganinsa.

Rana ta kusa faɗuwa aka turo ƙyaure. Auta ce, da jakarta, idanunta sun yi ja. Ba ta kalle shi ba. Ta ce, "Na manta ban gaya maka ba, ba a ba shi ruwa da yawa da yamma." Ta ajiye jakar ta shige ɗaki, ta ga an canza zani, ta ga Baba zaune a bakin gado cikin wankakkiyar riga. Lokacin fitar da shi shan iska ne. Jikinta ya riga ya saba, ta naɗe hannun riga, ta ware ƙafa, ta sunkuya za ta rungumo shi, tana cije leɓe tun kafin nauyin ya hau ta.

Mai Alli ya ce, "Tsaya, Auta." Ya buga ƙyaure. "Direba! Mota ta cika!"

Baba ya laluba aljihu, ya dafa gado, ya miƙe da kansa, ya kama kafaɗar ɗansa.

Auta ta daɗe a sunkuye kamar an dasa ta. Da ta ɗago, sai da ta sa hannu biyu ta tallafe ƙugunta. Ta dubi tsohon a tsaye, ta dubi wanta.

"Shekara huɗu, Yaya," ta ce. "Shekara huɗu ina ɗaga mutumin nan da bayana, safe da rana da yamma. Ashe maganin na bakinka, kana tsaye da shi a bakin ƙofa."

Mai Alli ya dube ta. Ya ce, "Na cuce ki, Auta. Tsoro nake ji, na bar ki da shi. Ki yafe min." Ta kau da kai. Can ya ce, "Me ya hana ki shiga motar?"

"Duk wadda ta cika, in na miƙe sai in ji kamar yana tari."

"Ya yi tarin, kuma ga shi bai mutu ba. Gobe da safe za ki tafi. Ni zan kwana a nan, yau da gobe da jibi. Su Yaya Babba kuma ki bar ni da su. Ki yi wata, ki yi biyu. In kin ga dama ki dawo, gidan ubanki ne, amma ba za ki sake ɗaukar shi ke kaɗai ba."

Ta juyo a hankali. "Ka ce me?"

"Na ce ki tafi, Auta. Je ki ga jikarki."

Sai ta sulale a jikin bango ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Da kyar maganar ta fito.

"Ni fa ba gudu nake so in yi ba, Yaya. Jira nake ɗayanku ya ce min in tafi."

Mai Alli ya so ya je ya dafa ta, amma Baba na tsaye jingine da shi da dukkan nauyinsa, ba halin saki.